Fashin Baƙi: Idan Jami'a Ta Sauya Darussan Dole, Wace Doka Ce Ke Hawa Kan Ɗalibi?

"Malam, an ce an sauya darussan gama-gari. Waɗanda na riga na ci fa, sun tashi a banza ke nan?"

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar bai wa ɗaliban jami'a shawara ya san wannan tambaya, ya kuma san fuskar da ake zuwa da ita. A 'yan shekarun nan jami'o'i da dama a sassan duniya sun taɓa jerin darussan da suke wajabta wa kowane ɗalibi, wasu sun rage, wasu sun ƙara, wasu sun rushe sun sake gini. Da zarar sanarwa ta fita sai jita-jita ta riga ta isa ɗakunan kwanan ɗalibai. Wani ya ce kowa zai koma sabon tsari, wani ya ce sababbin shiga kawai abin ya shafa, wani ya ce ai an yafe darussan gaba ɗaya. Sau da yawa dukkansu suna da ɗan guntun gaskiya a hannu, kuma guntun gaskiyar nan shi ke jefa mutum rami. Amsar tana rataye ne da abu ɗaya da ɗalibai kaɗan ne suka san sunansa, wato shekarar da dokarta ke kansu.

Mene ne darussan gama-gari?

Digirin farko a jami'o'in da ke bin wannan tsari kashi uku ne. Akwai darussan fannin da mutum ya zo karantawa, kamar lissafin kuɗi ko injiniyanci. Akwai na zaɓi, waɗanda yake ɗauka don ra'ayinsa. Sai kashi na uku, darussan da jami'a ta ce duk wanda zai ɗauki takardarta sai ya bi ta kansu, ko likita zai zama ko lauya: rubutu da iya bayani, lissafi ko tunani da alƙaluma, wani abu daga kimiyya, wani daga tarihi ko adabi ko falsafa, wani daga nazarin zamantakewa. Su ne darussan gama-gari. A jami'o'in Najeriya ana kiransu GST, kuma su ma an taɓa su a sabuwar manhajar da hukumar kula da jami'o'in ƙasar, NUC, ta ƙaddamar a watan Disamba na 2022.

Amurka ce ta fi kowa riƙe wannan al'ada. A can digirin shekara huɗu yakan kama kiredit 120 (kiredit shi ne ma'aunin nauyin kowane kwas), kuma darussan gama-gari kan cinye tsakanin kwata zuwa kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi. Hukumar da ke tantance jami'o'in kudancin ƙasar ta ce kada su gaza kiredit 30. Jihar Texas ta tsayar da 42 ga jami'o'in gwamnatinta. Wato shekara guda cur, ko fiye, daga rayuwar ɗalibi. A Ingila kuwa labarin daban ne, domin mutum kan shiga ya karanta fanninsa kai tsaye na shekara uku, ya fita. Saboda haka wannan ba wata ƙa'ida ba ce da duniya ta haɗu a kai. Zaɓi ne da wasu tsarukan ilimi suka yi, shi ya sa kullum ake sake waiwayarsa.

Me ya sa ba sa zama wuri ɗaya?

Ruwa ba ya tsami banza. Jerin darussan dole amsa ce ga wata tambaya mai nauyi: me ya kamata duk mai ilimi ya sani? Kowane zamani da amsarsa.

Tarihin jami'ar Harvard ta Amurka kaɗai ya isa misali. Da Charles Eliot ya zama shugabanta a 1869, sai ya shiga kwance wa ɗalibai mari, yana cire darussan dole ɗaya bayan ɗaya, har ya zama kusan komai zaɓi ne. Wanda ya gaje shi a 1909, Lawrence Lowell, ya ga abin ya yi sako-sako, ya dawo da ƙa'idar cewa ɗalibi ya zurfafa a fanni ɗaya, ya kuma ɗanɗana sauran. A 1945, yaƙin duniya na biyu na ƙarewa, jami'ar ta fitar da wani rahoto da ya yi tasiri a faɗin ƙasar, wanda ya ɗaure ilimin gama-gari da tarbiyyar ɗan ƙasa a ƙarƙashin dimokuraɗiyya. A 1978 aka amince da wani sabon tsari, a 2009 wani ya maye gurbinsa, a 2019 aka sake yi masa garambawul. Jami'a ɗaya ke nan. Jami'ar Columbia ta ɗauki wata hanyar tun 1919, inda ta kafa kwas ɗaya na dole ga kowa, wanda daga baya ya zama na karanta manyan rubuce-rubuce tare, kuma har yau tana kai. Jami'ar Brown ta yi akasin haka a 1969, ta sauke kusan duk wani wajibi na gama-gari.

A zamaninmu dalilan sun ƙaru, kuma ba duka ne daga ɗakin taron malamai suke fitowa ba. 'Yan majalisa sun shigo ciki. A 2020 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta wajabta wa ɗaliban CSU, ɗaya daga rukunonin jami'o'in gwamnatin jihar, kwas ɗaya kan tarihi da rayuwar ƙabilun da aka daɗe ana dannewa a Amurka. A ɗaya gefen ƙasar, jihar Fulorida ta yi doka a 2023 da ta taƙaita abin da za a iya koyarwa a darussan gama-gari, kuma a Janairun 2024 hukumar jami'o'in jihar ta cire kwas ɗin gabatar da ilimin zamantakewa daga jerin darussan tushe, ta sa na tarihin Amurka a gurbinsa. Jihohi biyu, siyasa biyu, amma kowace ta gane cewa wanda ya riƙe darussan dole ya riƙe ƙofar da kowane ɗalibi zai bi.

Sai maganar kuɗi da lokaci. Gwamnatoci suna so ɗalibai su gama da wuri, kuma waɗanda suka sauya makaranta kada su yi asarar abin da suka karanta. Wannan ne ya sa Kalifoniya ta sake yin wata dokar a 2021, wadda ta tilasta a samar da jeri guda na darussan gama-gari ga masu tasowa daga kwalejojin shekara biyu zuwa manyan jami'o'in jihar. Jerin ya fara aiki a kakar 2025 da kiredit 34, kuma jami'o'in CSU suka rage nasu na matakin farko daga 39 zuwa 34 don su yi daidai da shi. Wani lokaci kuma tsarin ilimin ne gaba ɗaya ke juyawa, kamar yadda aka yi a Hong Kong a 2012, inda digiri ya tashi daga shekara uku zuwa huɗu, aka zuba darussan gama-gari a sararin da aka samu. A wannan shekarar rukuni biyu na ɗalibai suka shiga jami'a lokaci guda, ɗaya a tsohon tsari ɗaya a sabo.

Masu son ragewa da masu son riƙewa

Masu son a rage suna da hujja mai ƙarfi. Suna cewa ɗalibin da ke biyan kuɗin makaranta da bashi, ko yake aiki da dare yana karatu da rana, bai kamata a ɗora masa kwasa-kwasan da ba su da alaƙa da sana'arsa ba. Suna ƙarawa da cewa a wurare da yawa abin ya zama jerin ɗaruruwan kwasa-kwasai da ba su da haɗi da juna, ɗalibi ya tsinci wanda ya fi sauƙi ko wanda bai faɗo da sassafe ba.

Masu son a riƙe suna cewa sana'ar da mutum ya koya yau tana iya sauya kama kafin ya yi furfura, amma iya karanta hujja a gane inda ta karkace, da iya rubuta shafi biyu da mutum zai fahimta, ba sa tsufa. Suna kuma tuna mana cewa ɗan talakan da bai taso gidan littattafai ba, wannan ce kaɗai damarsa ta haɗuwa da falsafa ko tarihin duniya, domin ɗan masu hali zai same su ko jami'a ba ta ba shi ba. Ni dai zuciyata ta fi karkata nan, ko da yake na yarda cewa kwas ɗin da aka cusa mutum ɗari biyar a zaure ɗaya, malami na karanto takarda, ba ya cika wannan alkawari.

Akwai ɓangare na uku da ba a cika faɗa a fili ba. Ƙananan sassa, irin su falsafa da harsuna, sau da yawa da ɗaliban darussan gama-gari suke rayuwa. In aka cire kwas ɗinsu daga jerin dole, ɗalibai sun ragu, guraben malamai sun ragu. Shi ya sa muhawarar kan yi zafi a majalisar jami'a, kuma tana iya ɗaukar shekaru. Ana cikin wannan ja-in-jar, ɗalibin da ke aji biyu ko uku ba ya cikin ɗakin, kuma sau da yawa wanda zai zauna ya yi masa bayani ma ba ya ciki.

Shekarar shiga: ƙa'idar da komai ya rataya a kanta

Kowace jami'a tana da littafin ƙa'idojinta da take fitarwa shekara-shekara ko bayan 'yan shekaru, wanda ya jera abin da ake bukata kafin a ba da digiri. Al'adar da yawancin jami'o'i ke bi ita ce, littafin shekarar da ka shiga shi ne naka har ka fita. Kamar yarjejeniya ce. In an sauya doka kana aji uku, sauyin na waɗanda suka zo bayanka ne. Wannan shi ne asali, kuma shi ya sa amsar farko ga tambayar da muka buɗe da ita ita ce: a'a, ba su tashi a banza ba.

Sai dai tsugune ba ta ƙare ba, domin yarjejeniyar tana da sharuɗɗa, kuma a cikin sharuɗɗan ne ake faɗuwa.

Na farko, kada karatu ya katse. A jami'o'in CSU, alal misali, ɗalibin da ya halarci aƙalla zango ɗaya a kowace shekara yana da damar zaɓar ƙa'idar shekarar da ya fara karatu, ko ta shekarar da ya shigo jami'ar, ko ta shekarar da zai gama. In ya ɓace fiye da haka ba tare da izini a rubuce ba, yana iya dawowa ya tarar tsohuwar dokarsa ta kuɓuce masa. Na biyu, littafin yana da wa'adi a jami'o'i da yawa, wasu shekara shida, wasu bakwai, wasu goma. Na uku, sauya fanni kan iya jawo sabon littafi, aƙalla ta ɓangaren darussan fannin. Sannan galibi ba a yarda mutum ya tsinci abin da ya yi masa daɗi daga tsohon tsari ya haɗa da na sabo ba. In ka ƙaura, ka ƙaura da kayanka duka, kuma a wasu wuraren babu komawa.

Akwai kuma wata matsala da ba ta cikin littafi. Haƙƙinka na gamawa a tsohon tsari ba ya tilasta wa jami'a ta ci gaba da koyar da tsohon kwas. Kana iya riƙe da dokar da ta ce sai ka ci kwas kaza, alhali an rufe kwas ɗin tun bara. A nan ne ake bukatar takardar daidaito, wadda ke cewa sabon kwas kaza shi ne madadin tsohon kwas kaza. Jami'ar da ta sauya manhaja ba ta fitar da wannan takarda ba, ta bar rabin aikin ne a kan teburin wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Su wa abin ya fi bugewa?

Ɗalibin da ya shiga da ƙafar dama, bai faɗi ko kwas ɗaya ba, bai yi hutu ba, da wuya ya ji a jikinsa. Waɗanda ke shan wahala su ne waɗanda dama hanyarsu ba miƙaƙƙiya ba ce: wanda rashin lafiya ko haihuwa ko rashin kuɗi ya zaunar da shi shekara guda, wanda ke karatu rabi-rabi saboda aiki, wanda wani kwas ke binsa bashi tun aji ɗaya, da wanda ya taso daga wata makaranta. Ofishin binciken ayyukan gwamnatin Amurka ya fitar da rahoto a 2017 da ya ƙiyasta cewa ɗaliban da suka sauya makaranta tsakanin 2004 da 2009 sun yi asarar kusan kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗin da suka tara. Ga irin waɗannan, sauyin darussan gama-gari kukan targaɗe ne sai ga karaya.

Na taɓa zama da wata ɗaliba a makon ƙarshe na rajista. Ta shimfiɗa takardu biyu a kan tebur, tsohon jeri da ta yi wa alama da jan biro tun shekararta ta farko, duk layin da ta ci ta soke shi, da kuma sabuwar takardar da kwamfuta ta fitar mata a safiyar, wadda ta nuna kwas uku suna binta. Ta yi shekara guda a gida tana jinyar mahaifiyarta, ba ta cike takardar neman hutu ba domin babu wanda ya gaya mata akwai irinta. Da ta dawo, na'ura ta jefa ta sabon tsari ba tare da kowa ya ce mata uffan ba. Ta ce, "Malam, wallahi na ci wannan, ga sakamakon." Gaskiya ta faɗa, ta ci. Sai dai kwas ɗin da ta ci a tsohon jeri yana cike gurbin adabi, a sabon jeri kuwa an mayar da shi na zaɓi. Biyu daga cikin ukun mun samu an karɓa bayan ta rubuta takardar koke da shaidar asibiti. Na ukun sau ɗaya ake koyar da shi a shekara, kuma zangonsa ya wuce. Kwas ɗaya mai kiredit uku ya riƙe ta har wani zangon, abokan ajinta suka sa rigar yaye ba da ita ba.

Zango ɗaya ba ƙaramin abu ba ne. Kuɗin makaranta ne, kuɗin masauki ne, aikin da aka yi wa mutum alkawari ne da ba zai jira ba. A Amurka ma har tallafin gwamnati yana iya taɓuwa, domin ba ya biyan kwas ɗin da ba ya cikin lissafin digirin mutum, kuma yana tsayawa in ɗalibi ya wuce ninki ɗaya da rabi na kiredit ɗin da digirinsa ke bukata, wato 180 ga digiri mai 120.

Nauyin da ke kan mai ba da shawara

A shekarun sauyi, mai ba da shawara yana riƙe da littafi biyu, wani lokaci uku, a lokaci guda. Ɗalibai biyu suna zaune a benci ɗaya, fanni ɗaya, amma abin da ya halatta wa wannan ya ɗauka ɓata lokaci ne ga wancan. Saboda haka tambayar farko kafin kowace shawara ita ce, wace shekara ka shiga, kuma ka taɓa katsewa? Wanda ya amsa daga abin da ya haddace shekara goma da suka wuce, da kyakkyawar niyya zai ɓatar da mutum.

Abu na biyu shi ne lissafi, ɗalibi ɗaya bayan ɗaya. In an ba da damar ƙaura zuwa sabon tsari, ba a yanke hukunci da cewa sabon ya fi gajarta. Sai a ajiye takardar sakamakon mutum a tsakiya, a ƙirga abin da ya rage masa a tsohon, a ƙirga abin da ya rage masa a sabon. Ɗan aji ɗaya da bai ci komai ba tukuna yana iya cin ribar kiredit biyar ko shida in ya ƙaura. Ɗan aji uku da ya kusa gama tsohon jeri yana iya tarar da sabon ya buɗe masa gurabe biyu da bai taɓa jin labarinsu ba. Na'urar duba sakamako tana taimakawa, amma mutum ne ya shigar mata da ƙa'idojin, kuma a shekarar farko ta kowane sauyi ne ta fi yin kuskure.

Akwai kuma abin da nake ganin ya fi duka wuya. Harshen da muke magana da shi kan waɗannan darussa yana koya wa ɗalibi yadda zai ɗauke su. In malami ya ce "ɗauki wannan ka rabu da shi", ya riga ya gaya masa kwas ɗin kaya ne. Lokacin sauyi yana ƙara tsananta wannan, domin hankalin kowa ya koma kan wane gurbi ne ya cika, wane ne bai cika ba. Amma ko a cikin gurbi ɗaya akwai zaɓi. Mai karanta aikin jinya da aka ce sai ya ɗauki falsafa, akwai bambanci tsakanin a tura shi duk inda aka samu kujera da a nuna masa kwas ɗin da ke magana kan haƙƙin majinyaci da hukuncin ƙarshen rayuwa. Minti biyu ne na hira, kuma wani lokaci shi ne kwas ɗin da mutum zai riƙa tunawa bayan ya manta lambobin sauran.

Duk wannan ba zai yiwu ba in jami'a ta bar masu ba da shawara su ji labarin sauyi rana ɗaya da ɗalibai. Su ne suka san wane kwas ne ke cika cikin awa guda da buɗe rajista, wane ne ke karo da awannin ɗakin gwaji, ɗalibai nawa ne ke bin bashin kwas ɗin da ake shirin rufewa. Kwamitin da ya zana sabon tsari ba tare da su ba yakan gano waɗannan abubuwa ne bayan an fara karatu, lokacin da gyara ya riga ya yi tsada.

Abin da ke hannun ɗalibi

Ka nemo littafin ƙa'idojin shekarar da ka shiga ka adana kwafinsa, domin shafin jami'a na intanet yakan nuna na bana ne kawai. In za ka yi hutu, ko na zango ɗaya ne, ka nemi izini a rubuce, ka kuma tambaya ƙarara ko hutun zai taɓa shekararka. Kafin ka sauya fanni ko makaranta, ka sa a yi maka lissafin abin da zai bi ka da abin da zai tsaya. Kada ka bar darussan dole su taru maka zuwa shekarar ƙarshe, musamman wanda aka ce za a daina koyarwa. Maganar abokin ɗaki kuma, ko da ya fi ka aji, dokar shekararsa yake faɗa maka.

In wani jami'i ya ce maka kwas kaza zai maye gurbin kaza, ka gode masa, sannan ka roƙi ya rubuta. Malamai suna yin ritaya, shugabannin sassa suna sauyawa, kuma ofishin da zai tantance ka ranar yaye takarda kawai yake gani. Saƙon imel mai layi biyu, da suna da kwanan wata da lambar kwas ɗin, ya wadatar a fara da shi, sannan ka koma bayan mako biyu ka duba ko sauyin ya bayyana a takardar sakamakonka.